Samfurin Gini: Abin da Ya Kamata Hakimi da Malaminsa Su Duba

Idan Gwamnati ko Ƙaramar Hukuma ta yi niyyar gina ofis, ko ɗakin shari'a, ko zauren majalisa, akan fara zana shi a takarda. Sau da yawa kuma akan yi ɗan ƙaramin kwatancinsa da kwali ko katako, a ɗora bisa tebur. Shi ake kira samfurin gini. Wani lokaci ɗaliban jami'a ke yinsa, su kawo gaban majalisa, a duba, a yaba musu.

To, hakimai da malamansu na ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, su suka san ƙasa da mutanenta. Saboda haka in an kira su kallon samfuri, kada su ɗauke shi abin wasan yara. Kuskuren da aka gani a jikin kwali, da 'yar wuƙa ake gyara shi. Wanda aka bari har siminti ya bushe kuwa, sai an ɓarnatar da kuɗin talakawa.

1. Asalin sana'ar

Tsara gini ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da tubali da azara da bakan gizo. Magina na dā wurin iyayensu suke koyo, a ƙasa suke shata gini, mai shi yana tsaye yana gani.

Koyar da zanen gini a makaranta kuwa an fara shi a Ibadan cikin 1952, aka mayar da shi Zariya cikin 1955, sa'an nan ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa cikin 1962. Cikin 1969 aka yi dokar da ta kafa hukumar yi wa masu zanen gini rajista a Nijeriya. Ma'anar wannan ita ce, yabon da majalisa ta yi wa ɗalibi girmamawa ce da ƙarfafa gwiwa, amma ba izinin gini ba ne. Kafin a haƙa harsashi, lalle ne gwani mai rajista ya ɗauki nauyin zanen, ya sa hannu.

2. Yadda ake karanta awo

Kowane samfuri yana da awonsa a rubuce. In an rubuta 1:100, santimita 1 a jikin kwali ita ce mita 1 a fili. Ashe ke nan zaure mai tsawon santimita 12 zai zama mita 12. In kuwa 1:200 ne, zauren nan zai kai mita 24. Malami ya fara neman wannan lamba, sa'an nan a fita fili a taka tsawon da ƙafa, domin ido yakan ruɗu da ƙaramin abu.

3. Tambayoyin da za a yi

Na farko, ina gabas? Ranar bazara a ƙasarmu ba ta da sauƙi. An fi son dogayen bangaye da tagogi su fuskanci kudu da arewa, don kada hantsi da ranar la'asar su cika ɗaki.

Na biyu, ina ruwa zai bi? Hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ya fi shan duka, shi ya sa magabata suke shafe shi da makuba. A dubi indararo da lambatu, kada ruwan ofis ya malala gidajen maƙwabta.

Na uku, yaya za a yi da hunturu? Iskarsa daga arewa maso gabas take zuwa da ƙura, ɗakin ajiyar takardu kuwa ba ya son ƙura ko gara.

Na huɗu, ina jama'a za su zauna? Dagatai da masu unguwanni da masu kawo ƙara suna bukatar inuwa, mata kuma wurinsu dabam. Wanda ya ga cikar Maigatari ran Alhamis, ranar kasuwa, ya san ofishin da ba shi da rumfa wahala ne. A tambayi wurin alwala da salla da makewayi, da hanyar da tsoho ko gurgu zai shiga ba tare da hawa matakala ba.

Na biyar, wa zai gyara shi in ya lalace? Ginin da sai an ɗauko ma'aikaci daga Kano ko Dutse kafin a sauya gilashi ɗaya, nauyi ne a kan baitulmali kowace shekara.

4. Aikin malamin hakimi

Malami ya rubuta ranar zama, da waɗanda suka halarta, da awon samfuri, da kowace tambaya da amsarta. Ya rubuta sunayen ɗaliban da suka yi aikin, domin kada wahalarsu ta tafi da sunan wani. Ya aika da kwafi ɗaya ga Majalisar Sarki, ɗaya ya ajiye a fayil.

Ɗalibai kuwa a karɓe su da mutunci, a gaya musu gaskiya. Sun san lissafi, hakimi ya san inda ruwa ke kwanciya da damina, kowa na da abin da zai ƙaru da shi.

Tambayoyi don bita

(a) A samfuri mai awo 1:200, bango mai santimita 15 mita nawa ne a fili?
(b) Don me ba a son manyan tagogi su fuskanci yamma?
(c) Mene ne bambancin yabon majalisa da izinin gini?