ALLURA MAI NUNA AREWA

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:13-44

Sa'anda aka tafi da Bulus Manzo zuwa Roma a ɗaure, guguwa ta kama jirginsu a teku. Luka ya gaya mana mutum 276 ke cikin jirgin. Kwana da kwanaki ba su ga rana ko taurari ba, har suka fid da zuciya ga tsira. Watakila mai karatu zai ce, ina ruwan tsira da ganin tauraro? 'Yan'uwa, a wancan zamani matuƙan jirgi ba su da abin sanin hanya a tsakiyar ruwa sai rana da taurari. In gajimare ya rufe sama, sun zama makafi ke nan. Sai a dare na goma sha huɗu suka ji alamar tudu ya yi kusa, da gari ya waye ma ba su gane ƙasar ba.

Abin nan da suka rasa, yau yaron makarantar Lahadi yana iya yinsa da allurar ɗinki. Sunansa kamfas, watau allura wadda take nuna arewa da kudu. Mutanen Sin ne suka fara saninta. Wani masaninsu, Shen Kuo, ya rubuta labarinta a 1088, shekara dubu da 'yan kai bayan tafiyar Bulus. Daga baya ta shiga jiragen Larabawa da na Turai. Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ita ya riƙa auna hanyarsa har ya shigo Kano a 1851.

Ga yadda za a yi. A sami allura ta ƙarfe, da mayen ƙarfe, wanda waɗansu ke ce da shi maganaɗisu. Akwai shi a bayan lasifikar kowace tsohuwar rediyo, masu gyaran rediyo ba su rasa shi. A riƙe allurar a wajen kafarta, a ɗora gefe ɗaya na mayen ƙarfen, a ja shi daga kafa zuwa tsini. In an kai tsini a ɗaga hannu sama, a komo wajen kafa, a sake ja. A yi haka sau 40 ko 50. Kada a goga gaba da baya kamar mai wasa wuƙa, kada kuma a juya mayen ƙarfen, gama abin da jan farko ya shirya, jan baya ya kan ɓata shi. Da an gama a gwada ta da wata allura. In ta kama, ta yi.

Sa'annan a feƙe kara, a yanki totuwa ƙarama, a soke allurar ta tsakiyarta, a sa ta a hankali a kan ruwa cikin ƙoƙo. Ƙoƙo na ce, ko kwanon roba. Kwanon ƙarfe ba ya yi. Allurar za ta yi 'yan juye-juye ta tsaya. Ka ture ta da tsinke, za ta komo inda take. Ka juya ƙoƙon, ita ba ta juyawa.

Saura sanin wane kai ne arewa. Da sassafe ka miƙa hannun dama wajen fitowar rana, fuskarka tana duban arewa ke nan. Kan allurar da ya nufi can, ka ɗiga masa tawada. Rana ta isa wannan gwaji, amma ba ta da wurin fitowa ɗaya: a watan Yuni tana karkata arewa, a Disamba tana karkata kudu, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba ne kaɗai take fitowa daidai gabas.

Na san akwai wanda zai ga wannan ya ce da iska a ciki. Babu iska, babu tsafi. Cikin ƙarfe akwai ƙananan sassa da ido ba ya gani, kowanne kamar ɗan mayen ƙarfe ne, amma kowa ya fuskanci inda ya ga dama, kamar shanu a kasuwar Wudil ran Jumma'a. Gugan nan shi ke jera su su dubi waje ɗaya. Domin wannan, in aka sa allurar a wuta ko aka bubbuge ta, ƙarfinta ya kan tafi. Ita duniya kuma babban mayen ƙarfe ce. Wani likita a Ingila, William Gilbert, shi ya bayyana haka a 1600. Yanzu an sani narkakken ƙarfe ne yake motsi can cikin ƙasa, zurfin kilomita wajen 2,900, shi ke jawo kowace allura irin wannan. Ubangiji ya sa shi a wurin tun kafin Bulus ya hau jirgi, mutane ne ba su kai ga saninsa ba tukuna. Arewar allura ba ta yi daidai da arewar taswira ba, tana kuma matsawa: a 1831 an same ta a arewacin Kanada, yanzu ta nufi wajen Rasha. A ƙasar Kano dai bambancin kaɗan ne ƙwarai, ba zai ɓad da kowa ba.

Abin da ke ɓad da mutum yana kusa. Ka kawo fartanya gefen ƙoƙon, ka gani. Allurar za ta bar arewa ta bi fartanya, ta tsaya cik, kamar tana da gaskiya. Haka keke, da babur, da rufin kwano, da wayar da ke aljihunka. Lamirin mutum ma haka yake: in kuɗi ko tsoron mutane ya zauna kusa da shi, yana nunawa, amma ba daidai ba, mai shi kuwa ba ya jin komi. Shi ya sa muke gwada shi da Maganar Allah. Ga allura kuma, ka ɗauki ƙoƙon ka matsa taki goma, ka sake dubawa. In wuri biyu sun yarda, ka yarda.

Mu nan ba mu da teku, amma muna da hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da rana take ɓacewa sarai, tauraron arewa kuwa dama ƙasa-ƙasa yake a wurinmu, ƙura kaɗan ta isa ta rufe shi. Mai bishara da ya ratsa gonaki bayan girbi, ko yaron da ya bi dabba cikin fadama, yana iya yin ta kewaya wuri ɗaya har dare. Sai dai ku lura, allura ba ta gaya wa mutum inda yake. Wanda bai duba ta kafin ya fita ba, ba za ta kai shi gida ba. In ka bar gida ka nufi kudu, komowarka arewa ce.

Malaman makarantar Lahadi, ku fito da yara fili, nesa da rufin kwano. Kowane yaro ya yi tasa allurar, su zana layin arewa da kudu a ƙasa, su rubuta inda ƙauyukan da muke kai wa'azi suke. Daga garin Wudil, birnin Kano yana arewa maso yamma, Gaya kuwa gabas, ta ɗan karkata arewa. A tattara alluran kafin a tashi, saboda ƙananan yara.