Masu Tsaron Ruwan Sha

Ruwa yana iya zama garau a ido, alhali kuwa cike yake da ƙwayoyin cuta waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ke kawo kwalara da zawo. Saboda haka akwai mutanen da aikinsu ke nan, tsaron ruwan sha.

Na farko shi ne duba-gari. A ƙauyuka irin su Durba, cikin ƙasar Kibiya, shi ke duba rijiyoyi. In ya ga za a haƙa masai kusa da rijiya sai ya hana, gama ƙazanta takan bi ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓata ruwan. Tun 1932 ake koyar da wannan aiki a Makarantar Tsabta ta Kano.

Na biyu shi ne mai gwajin ruwa, kamar na ma'aikatar ruwan famfo ta Tamburawa. Shi ke auna alif don laka ta kwanta, ya auna kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta. In ya rage awo, gari guda na iya kwantawa ciwo.

Amfanin irin wannan aiki ya bayyana. A 1988 kurkunu ya kama mutum fiye da 650,000 a Nijeriya. Da aka dage da tace ruwa da haƙa rijiyoyi masu kyau, a 2013 aka tabbatar ya ƙare.

Yaro ko yarinyar da ke son wannan aiki, sai su riƙe lissafi da kimiyya, su kuma riƙe gaskiya.