Daga Zangon Ayari zuwa Zangon Jirage: Waiwaye a kan Filin Jirgin Saman Malam Aminu Kano

Tsakure

Wannan muƙala ta bibiyi tarihin filin jirgin saman Kano, domin nuna cewa ɗaukakarsa ta farko ta samo asali ne daga matsayinsa na zango, kuma gushewar wannan matsayi ce tushen ƙalubalen da yake fuskanta a yau.

1.0 Asali da Bunƙasa

Tun kafin zuwan Turawa, Kano matattara ce ta ayarin da ke ƙetare Sahara. A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan saman Birtaniya suka sauka a birnin daga Masar, tafiyar jirgin sama ta farko zuwa Nijeriya. A shekarar 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga daga Khartum zuwa Kano. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi kan ya da zango a Kano a hanyarsu ta zuwa Alƙahira. Dalili ɗaya ne ya haɗa waɗannan duka: jiragen wancan zamani ba sa iya dogon zango sai sun sha mai. Shi ya sa kamfanin KLM ya riƙa sauka a Kano tun daga 1947.

2.0 Jigilar Fasinjoji

Da jirage masu cin dogon zango suka bayyana, sai buƙatar tsayawa a Kano ta ragu, harka ta karkata zuwa Legas, daga bisani Abuja. KLM ya dakatar da zuwa a 2012. Abubuwa biyu ne suka riƙe filin: aikin Hajji da Umara, sai fataucin 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin. Tarihin jigilar alhazai bai rasa tabo ba, domin a ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin da ya ɗauko su daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu.

3.0 Jigilar Kaya

A nan giɓin ya fi fitowa fili. Kano na da kasuwar hatsi ta Dawanau da masana'antun jima, amma galibin riɗi da zoɓo da fatun da ake fitarwa ta mota suke bi zuwa tashoshin ruwan Legas. Kaya masu nauyi da arha ba sa jure tsadar jirgin sama. Masu daraja da saurin lalacewa ne ke biyan kuɗinsa, su kuwa suna buƙatar ɗakunan sanyi da tantance inganci.

4.0 Kammalawa

A da, hanya ce ta tilasta wa jirage sauka a Kano. A yau, sai abin da Kano ta tanada na fasinja da kaya ne zai kawo su. Makomar filin tana hannun manomi da majemi da ɗan kasuwa, gwargwadon yadda hukuma ta share musu hanya.