Gayya a Intanet: Me Ke Jawo Jama'a?

A gayyar da muka sani, mai gona yakan ciyar da waɗanda suka zo, su kuma suna sa ran ranar tasu. To, wanda ya zauna gaban kwamfuta yana yi wa baƙo aiki kyauta fa, me yake nema?

A shekarar 2007, masana taurari a Jami'ar Oxford ta Ingila suna da hotunan gungun taurari kusan miliyan ɗaya da ake son rarrabawa bisa siffa. Kevin Schawinski ya duba 50,000 cikin mako guda, ya ga aikin ya fi ƙarfinsa. Sai shi da Chris Lintott suka buɗe shafin Galaxy Zoo, mutane fiye da 100,000 suka amsa kira.

Da aka tambaye su dalili, kusan kashi 40 cikin 100 suka ce babban burinsu shi ne su sa hannu cikin binciken kimiyya na haƙiƙa. Wasu sha'awar taurari ce ta kawo su, wasu kyan hotunan. Akwai kuma begen ganin abin da ido bai taɓa gani ba. Ya kuwa faru: a shekarar ce Hanny van Arkel, wata malamar makaranta a Holan, ta hango wani baƙon gajimaren iskar gas mai haske, aka raɗa masa sunanta.