Darasi na 9: Ƙaunar Wanda Ya Ci Amanarmu

Karatu: Yahaya 13:1-30

Ran Juma'a, 18 ga Oktoba 1918 babu wanda ya san da ita, amma Alhamis 18 ga Oktoba 2018 duk mutumin Kajuru ya san ta. A ranar faɗa ya tashi a Kasuwan Magani, 'yan sanda suka ce mutum 55 suka mutu. Kashegari aka sace Agom Adara, Maiwada Galadima, a kan hanya, bayan mako guda aka sami gawarsa. Abin da ya fi ci mana rai shi ne, masu faɗan maƙwabta ne, masu ciniki da juna, masu cin bashin juna. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Dauda ma ya yi wannan kuka a Zabura 55, gama mai zaginsa abokinsa ne wanda sukan tafi Haikali tare.

Ku lura da abin da Ubangijinmu ya yi a daren da aka bashe shi. Ya san abin da ke zuciyar Yahuda sarai, duk da haka ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiran, Yahuda yana cikinsu. Ya tsoma gurasa ya miƙa masa da hannunsa. Bai kuwa ɓoye laifin ba, a gaban kowa ya faɗa cewa ɗaya daga cikinsu zai bashe shi. Wannan wuri yana da muhimmanci ƙwarai, domin waɗansu suna koyar da cewa gafara ita ce mu yi shiru kamar ba a yi kome ba. Ba haka Littafi ya koya ba. Bulus ya hana mu ramuwa a Romawa 12, a sura 13 kuma ya nuna cewa hukunta mai laifi aikin mahukunta ne. Saboda haka gwauruwa tana iya kai ƙara gaban alƙali, tana kuma yi wa wanda ta kai ƙara addu'a. Takobin da Bitrus ya zaro a Getsamani shi ne aka hana mu, gama Yesu ya tsawata masa, ya warkar da kunnen Malkus.

Kada wani ya ce wannan ya fi ƙarfin ɗan Adam. A rikicin 1992 a Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa. A 1995 suka sadu, daga baya suka kafa cibiyar sulhu tare. Wuye da bakinsa ya shaida cewa ya daɗe yana ɗauke da ƙiyayya kafin ta sake shi.

Mu kuwa gwajinmu yakan zo ne ran kasuwa. Mutumin da muke zargi ya tsaya gaban buhunmu na masara. Za mu cika masa mudu har ya yi tozo, ko za mu rage? Ɗansa ya faɗi daga kan babur a bakin hanyar Kachia, za mu ɗaga shi? Bulus ya ambaci abinci da ruwan sha ga maƙiyi, domin yunwa ba ta jiran zuciyarmu ta huce tukuna.

Don tattaunawa: Me ya bambanta kai ƙara da ramuwa? Kowa ya kawo sunan mutum ɗaya a zuciyarsa, kada ya furta, mu yi addu'a dominsa kafin mu tashi.