Daga Jiki Magayi Zuwa Littattafan Soyayya

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanku kun san littattafan nan na soyayya da ake kawowa daga Kano, har suna iso mu nan Tambuwal da Kebbe, ana karɓar aro hannu zuwa hannu. Wasu iyaye na ganin baƙon abu ne da ya zo ɓata yara. To, bari mu duba mu gani ko jigon nasu sabo ne.

A shekarar 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Na biyar shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida, mutumin Wusasa, ya rubuta tare da East ɗin kansa. A kansa za mu ɗan tsaya.

Abubakar da Zainab suna son juna. Sai ga Malam Shehu, attajiri mai mata amma ba ɗa, ya shigo neman aurenta. Dukiya ta yi rinjaye, aka ɗaura da shi. Abubakar bai haƙura ba. Ya bar gari, ya sha wahalar daji yana neman asirin ramuwa, har ya samu. Amma ku lura da inda asirin ya sauka: a kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaro ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa wajen sata bai san shi ba ne. A ganina nan ne ƙarfin littafin yake. Marubutan ba su wanke kowa ba. Mai kuɗi ya yi zalunci, wanda aka zalunta ya zarce shi, ita kuwa Zainab, wadda a kanta ake rigimar, muryarta ba ta cika fitowa ba.

Muryar nan ita ce ta fito daga baya. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. A cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa, Sumayya 'yar masu hali ce ta ƙi mai kuɗi ta nace wa talaka, har ta faɗa rijiya. Rigimar Abubakar da Malam Shehu ce dai, sai dai yanzu yarinyar ce ke magana.

Masana ba su karɓi waɗannan da hannu biyu ba. Ibrahim Malumfashi, wanda ya koyar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana kukan rashin kula da ƙa'idojin rubutu da kwaikwayon finafinan Indiya. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya kare su a jarida, yana nuna cewa su suka sa matasa da matan aure karatun Hausa. A 2007 ma an ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Kukan Malumfashi yana da gaskiyarsa, don na sha karanta wanda ba a bambanta ƙ da k a ciki ba. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba: a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci.

Aikin hutu ga 'yan aji biyar da shida: ku karanta Jiki Magayi, sannan ku rubuta shafi ɗaya da bakin Zainab, ranar da aka kawo mata labarin mutuwar Malam Shehu.