Yadda ake bargon ƙyalle daga guntayen ɗinkin Sallah

A goman ƙarshe na azumi, duk shagon telan da mutum ya leƙa a Gwarzo, ko Getso, ko Garo ta ƙasar Kabo, zai tarar guntayen yadi sun rufe ƙasa har ba wurin sa ƙafa. Keke na aiki har asuba, almakashi na zubar da atamfa da shadda da boyel, yaron shago yana sharewa yana dannawa a buhu. Bayan Sallah yawancin buhunan nan a bola suke ƙarewa, ko a cinna musu wuta a bayan shago. Alhali a cikin buhu guda akwai abin da zai rufe yara biyu a sanyin Disamba da Janairu, lokacin da hazo ke sauka, ruwan randa ya gagari hannu da asuba.

Aikin yana da lokaci biyu. Tara ƙyalle na lokacin Sallah ne, ƙarama da babba, domin a nan ne sabon yadi ke yawa. Ɗinkin kuwa ya fi dacewa da hutun makaranta na ƙarshen shekara: an gama kaka, amfanin gona ya shigo gida, 'yan mata suna zaune, ga sabuwar auduga ana tsinta a gonakin da suka miƙa daga Gwarzo zuwa wajen Malumfashi da Funtuwa. Tun da Sallah tana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara, wani lokaci ƙyallen zai yi watanni a ajiye kafin a taɓa shi. Ba laifi, in dai a busasshen wuri yake.

Akwai masu ganin bargon haɗe-haɗe kayan talauci ne, har mace ta ji kunyar shimfiɗa shi a ɗakinta. Wannan ra'ayi yana ba ni takaici, domin dabarar da ake yin sa da ita tsohuwa ce kuma mai daraja a ƙasar nan. Duk wanda ya kalli hawan Sallah a Kano ya ga 'yan lifida, doki da mahayinsa cikin kaya mai kauri. Lifidi yadi ne sama da ƙasa, an cusa auduga a tsakani, an bi shi da ɗinki layi-layi don kada cikin ya motsa, kuma sau da yawa fuskarsa guntaye ne masu launi daban-daban da aka harhaɗa. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Abin da ya tare kibiya a fagen fama, ai ba zai kasa tare sanyin hunturu ba.

Matakin farko shi ne samun ƙyallen ta hanyar da ta halatta. Ragowar yadi haƙƙin mai yadi ne, ba na tela ba. Babban yanki da zai isa ɗankwali ko rigar yaro dole a mayar wa mai shi, kuma akwai mutanen da ko ɗan ƙarami ba sa son ya faɗa hannun wani. Abin da ake nema shi ne ƙananan da kowa ya san an yafe su, waɗanda ake sharewa. Tun kafin hidima ta kankama ake yi wa tela magana: "Malam, don Allah in an gama ɗinkin Sallah a ajiye mini ƙananan guntayen nan, kada a ƙone." Yawanci amsar ita ce, "To Hajiya, sai ki turo yaro da buhu." A haɗa da na gida: tsohon zani da gefensa ya cinye amma tsakiyarsa da ƙwari, rigar maigida da wuyanta ya mutu.

Daga nan sai tankaɗe da rairaya, kuma a nan ne bargo ke gyaruwa ko ya lalace tun ba a sa allura ba. A zazzage buhun a tabarma, a ware yadin auduga gefe guda, na roba gefe guda. In an yi shakka, a yanki ɗan ƙarami a kusanta shi da ashana a waje: auduga tana ci ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Kada a haɗa su a bargo ɗaya, domin auduga tana shiga ruwa ta ɗan tsuke, roba ba ta yi, sai bargon ya tattare bayan wankin farko. Leshi mai duwatsu da mai huji a ajiye shi don wani aikin. Yana karce fatar yaro, auduga kuma tana leƙowa ta hujin. Haka nan kauri ya zo ɗaya. In aka jera shadda mai nauyi kusa da boyel mai shara-shara, boyel ɗin ne zai fara yagewa a bakin ɗinki.

Sai wanki, ko da ƙyallen sabo ne fil. Ana wanke shi ne don ya gama tsukewarsa, sitacin jikinsa ya fita, a kuma gane mai zuba. A jiƙa masu duhu dabam, musamman ja da shuɗi da duk abin da aka rina, a jefa ɗan farin ƙyalle a cikin ruwan. In farin ya canza launi, a sake ɗauraya har ruwa ya fito garau. Wanda ya ƙi dainawa a fitar da shi daga aikin, komai kyansa. A shanya a inuwa, a goge kowanne ya miƙe. Ƙyalle mai tamoji ba ya yankuwa daidai.

Ga lissafin yanka. Bargon da zai rufe katifa mai ƙafa 4 da rabi a faɗi, 6 a tsawo, har ya ɗan zubo, yana son inci 60 da 80. In kowane gida, wato guntun ƙyalle mai kusurwa huɗu, zai fito inci 5 bayan ɗinki, za a jera 12 a faɗi, 16 a tsawo, gida 192 ke nan. Sai a yanki kwali mai tauri, inci 6 kowane gefe, domin rabin inci zai shige ɗinki ta kowace fuska. A ɗora kwalin a bayan ƙyalle, a zagaye da allin tela, a yanka. A kula gefen kwalin ya bi zaren saƙar yadin. Wanda aka yanka a karkace miƙewa yake yi a ƙarƙashin keke, ya fi ɗan'uwansa tsawo. Guntayen da ba su kai inci 6 ba a fara haɗa biyu ko uku, sannan a yanka gida daga jikinsu. Wannan aiki ne da yara 'yan firamare za su iya taimakawa: ɗaya na zane, ɗaya na ƙirgawa goma-goma, babba na riƙe da almakashi.

Kafin a taɓa keke, a share tsakar gida, a shimfiɗa babbar tabarma, a jera gidajen gaba ɗaya. A ja da baya a duba daga bakin ƙofa. Atamfa tana da hayaniya, in aka jera mai zane kusa da mai zane ido ba ya samun wurin hutawa, shi ya sa nake son a raba su da shadda ko wani yadi marar zane, mai duhu na bin mai haske. Amma wannan ba doka ba ce. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama ta Amurka, matan baƙar fata, jikokin bayi, sun yi ta harhaɗa barguna daga tsofaffin kayan aikin gona ba tare da bin wani tsararren zane ba. A 2002 aka baje kolinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma hotunansu suka hau kan sarkin wasiƙa na ƙasar. Idon mai aikin shi ne alƙali. In tsarin ya kwanta mata, a kwashe layi-layi, kowane layi a soke shi da fil da 'yar takarda mai lamba.

Haɗawa ba ta da wuya. Fuska na kallon fuska, a ɗinka rabin inci daga baki, gida bayan gida har layi ya cika 12. A goge bakin ɗinkin layin farko ya kwanta dama, na biyu hagu, domin in an zo haɗa layukan kusurwoyi su shige juna ba tare da tudu ba. A kafa fil a kowace mahaɗa kafin a bi da keke. Wadda ba ta da keke ta yi da hannu, ta riƙa komawa da allura baya kaɗan don ɗinkin ya yi ƙarfi.

Bayan bargo zani biyu ne masu yadi bibbiyu, a haɗa su ta dogon gefe. Za su fi fuskar girma, kuma haka ake so. Abin da za a sa a tsakiya shi ke buƙatar tunani. Audugar rimi tana da laushi da ɗumi, ita ake cusa wa matashin kai, amma tana da santsi, tana guduwa ta taru waje guda, ba ta son wanki, ga saurin kama wuta, a ɗakin da ake kwana da kaskon garwashi kuwa wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Audugar gona ta fi, in an gurje ta an cire gurya tsaf, an shiɓe ta ta yi sako-sako. Gurya ɗaya da ta saura za ta iya fitar da tabon mai, ta kuma jawo ɓera. Mafi sauƙi ga mai koyo shi ne tsohon gwado, ko tsofaffin zannuwa biyu zuwa uku a kan juna, yadda matan Bangaladash suke yi da tsofaffin tufafinsu. Ba ya motsi, kuma yana jure wanki.

Yanzu a shimfiɗa bayan a ƙasa mai laushi, fuskarsa na kallon tabarma, a ja shi ya miƙe, a danne kusurwoyi da duwatsu. A baza audugar ko gwadon daidai wa daida, ana shafawa da tafin hannu don a ji inda ya yi tudu ko rami. A ɗora fuskar a sama. Sai a kama ukun da manya-manyan ɗinki na wucin gadi, da farin zare, daga tsakiya zuwa kowane gefe da kowace kusurwa. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, su ne za ka ga bayan bargonsu ya naɗe.

Ɗinkin gaske shi ma daga tsakiya yake farawa, ya tura duk wani tamoji waje. Ana son zare mai ƙwari da doguwar allura, a ɗaura guntun fata a yatsan da ke turawa. Allura ta nutse ta ratsa duka ukun, ta fito, ta sake nutsewa, hannu ɗaya na ƙasa yana tabbatar da ta huda baya. Ƙullin farko a ja shi ya shige ciki ya ɓuya. Layukan su tafi a jere kamar kunyoyin gona. In sako-sakon auduga ce a ciki, kada tazarar layi da layi ta wuce yatsu uku, in ba haka ba za ta dunƙule ranar wanki. In gwado ne, bin bakin kowane gida ya isa. Girman ɗinki ba shi ne abin dubawa ba, daidaituwarsa ce. Nan ne aikin ke cin lokaci, nan ne kuma daɗinsa yake: mata biyu ko uku su zauna a gefe-gefe bayan la'asar, kowa da layinta, ana hira ana ja, wadda ta iya tana gyara wa ƙanwarta riƙon allura. Kullum in an tashi a naɗe ɓangaren da aka gama, a rufe sauran saboda ƙura.

In layuka sun cika, a zare ɗinkin wucin gadi, a datse abin cikin daidai da fuska, a rage bayan ya saura inci 2 ta kowane gefe. A ninka wannan rarar sau biyu ta hau kan fuska, a yi kalmasa, a ƙara ɗinki a kusurwoyi domin nan yara ke ja.

Wadda ba ta taɓa yi ba kada ta fara da gida 192. Ta gwada rigar matashi mai gida 9, sannan shimfiɗar jariri mai gida 48, 6 a faɗi 8 a tsawo, wadda za ta iya kaiwa barka ko suna. Babban bargo ya biyo baya a hutu na gaba. Wajen wanki, ruwan sanyi da sabulu marar kaifi, a tattaka a baho maimakon murɗawa, a shanya a kwance bisa igiya biyu ko uku don nauyin ruwa kada ya tsinka zare. In zafi ya shigo wajen Maris, a tabbatar ya bushe ƙarau kafin a ninke, a sa shi a tsohon zani maimakon leda, a riƙa fito da shi yana shan iska a lokacin damina.